Waya a Ƙarƙashin Ƙyallaye

Tela, yarinyar da nake nema, ta ajiye wayar a gabana, ba ta zauna ba.

"Malam Shiru, duba mini. Ta yi ciki."

Ban yi dariya ba. Na juya wayar. Murfin bayan ya ɗaga, gam ɗin ya saki ta gefe ɗaya. Na danna da ɗan yatsa, abin ya lotsa ya dawo. Batir ya kumbura.

Teburina yana ƙarƙashin matakalar bene a kasuwar waya. Fitila ɗaya, akwatin sukurori, igiyoyin caji rataye a ƙusa. Nan nake zaune tun da na gama sakandare karatu ya tsaya. Duk wanda ya hau bene sai ƙurar takalminsa ta zubo mini a ka. Na saba.

Ni na ba ta wayar. Ta hannu ce, amma ni na zaɓa, na buɗe ta, na sa mata sabon batir na asali da hannuna. Ranar da na miƙa mata, wani saurayin da kalaman soyayya zai yi. Ni doka na karanta mata. Kar ta bari caji ya sauka ƙasa da ashirin. In ya kai tamanin ta zare. Kar wayar ta wuni a soket. Kar ta yi kira tana jone. Kar ta danne ta da filo ko zani, don ba abin da ke kashe batir kamar zafi.

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Waya ka ba ni ko jaririya?"

Yau ba ta dariya.

Na ce, "Kina bin abin da na faɗa miki?"

"Ina bi."

"Batir ba ya ƙarya."

Ta kau da kai tana kallon masu wucewa.

Ban taɓa buɗe saƙon mutum ko hotonsa ba, ko da na ƙanwata ne. Amma akwai wurin da waya take nuna abin da ya fi cin caji, kuma kowane mai gyara nan yake fara dubawa. Na shiga. Kira ne a sama, ya cinye komai. Awanni. Kullum daga azahar har rana ta yi sanyi. Kuma duk tsawon lokacin wayar tana jone.

Ni kirana da ita ba ya kai a ɗora shayi ya tafasa.

"Da wa kike magana?"

"Masu kawo ɗinki."

"Wace riga ce ake aunawa daga azahar zuwa magariba?"

Ta zauna a bencin, ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Don Allah kar ka tambaye ni. Ba yanzu ba. Bari ka ga Baba tukuna. In ya amsa maka, wallahi da bakina zan faɗa maka komai."

"Me ya hana yanzu?"

"Saboda na san ka."

Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Na ce irin batirin ba ni da shi a ƙasa, sai na sa an kawo. Na ce ta bar wayar a kashe a wurina, don batirin da ya kumbura wuta ce a aljihu.

Ta miƙo hannu da sauri ta ɗauke.

"Ba zan iya barinta a kashe ba."

Ta tafi. Na bi bayanta da ido har ta ɓace cikin mutane.

*

Gidansu ba uwa. Baba ya saki Umma tun Tela tana makaranta. Abin da ya raba su ban sani ba. Abin da kowa ya sani shi ne rantsuwar da ya yi a tsakar gida: duk ɗan da ya nemi uwar, ya bi ta, ba shi ba shi. Bai ƙara aure ba. Yayarsa, Gwaggo, ita ke shiga ta fita tana juya gidan.

Tela kuwa 'yar gaban goshinsa ce. A gidan ba mai kiranta da sunanta, 'Yar Baba kowa yake cewa. Shi ya gyara mata ɗakin da ke kusa da get ya zama shagon ɗinki, tagarsa tana kallon barandar da yake zama tun azahar yana tari yana jan carbi. Nakan je in tsaya a bakin ƙofar shagon mu gaisa. Ba na daɗewa. Wata rana na ga tarin ƙyallaye ya danne soket, na kai hannu zan janye, ta riƙe mini hannun riga ta ce in bari, ta san yadda ta jera kayanta. Na bari.

Da farko Baba ko gaisuwata ba ya amsawa da kyau. Mai Waya yake ce mini, kamar sunan cuta. A hankali ya sauko. Sai ga shi ya aiko a ce in zo ranar hutu da safe, yana son magana da ni.

Gwaggo ce ba ta sauko ba. Tana da ɗa dillalin motoci, mai ƙamshin turare da baki kamar rediyo, kuma ta daɗe da yanke cewa tuwona maina za a yi.

Ana gobe zan je wurin Baba, sai ga Ɗan Gwaggo a teburina yana kaɗa makulli.

"Injiniyan ƙarƙashin bene! Ba ni caja mai ƙarfi, wadda ke cika waya kafin a ƙifta ido."

"Tana cin batir."

"Ta ci mana. Mu masu hira ba ma jira. In mace ta ɗauki waya, ai ba a ce mata batir ya yi zafi." Ya kashe mini ido. "Ko ana cewa?"

Na naɗe masa cajar a leda. Ya tafi yana fito.

Ranar na ƙona allon wayar wani bawan Allah da ƙarfen narka dalma. Ban taɓa yi ba.

*

Falon Baba ba shi da yawa. Kujeru masu hannun katako, fanka mai ƙara, agogon bango da ya tsaya ba wanda ya gyara. Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Gwaggo tana kan kujera ta harɗe ƙafa, ɗanta a gefenta. Ban yi zaton ganinsu ba. Tela tana tsaye bakin labule da farantin kofuna.

Baba ya yi tari, ya goge baki.

"Mai Waya, na kira ka ne a kan maganar 'Yar Baba."

Gwaggo ta tare shi. "Kafin ka ce komai, ɗan'uwana, bari in nuna maka wani abu. Ke, kawo wayar nan taki."

"Gwaggo, tana ɗaki."

"Ɗakin a wata ƙasa yake? Kawo."

Ta kawo. Gwaggo ta karɓa da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ta ɗaga sama.

"Ka gani? Kyautar surukinka ke nan. Ko shekara ba ta rufa ba, ta kumbura kamar kwaɗo. Jabu ya haɗa ya ba ta. Da ta fashe a hannunta fa? Mutumin da zai cuci wadda yake nema tun tana gidan ubanta, in ta shiga nasa me zai yi?"

Ɗanta ya yi murmushi. "Haba, ki yi masa uzuri. Sana'ar ce haka. A cire mai kyau a sa marar kyau."

Ba ni da gida, ba ni da mota, ba ni da takarda. Abu ɗaya nake da shi: ba wanda ya taɓa dawo mini da aiki ya ce na ha'ince shi. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Baba ya dube ni. "Me za ka ce?"

"Batirin na asali ne, Baba."

"To me ya kumbura shi?"

"Zafi."

"Rana ta bari a kai?"

"A'a. In ana kira waya tana jone a wuta, tana ɗaukar zafi ta hanya biyu. In kuma an rufe ta da wani abu, zafin ba ya fita. Kwana ɗaya ba komai. Amma in kullum ne, awanni, ko wane irin batir ne sai ya kumbura."

Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gidan ba. Har na ji daɗin yadda ta fito.

Fanka kawai ke ƙara.

Baba ya ce, "Awanni."

"Eh, Baba."

"Kullum."

"Eh."

Ya juya ya kalli 'yarsa, ya dawo da ido kaina. Har da ɗan murmushi a gefen bakinsa, irin na tsohon da ya kama yara suna ɓarna marar illa.

"Ashe shirun naka na ido ne. Da kai take wannan hirar?"

Kofunan da ke hannun Tela suka yi ƙara. Na ɗaga kai. Tana kallona. Ba ta motsa baki ba, amma duk fuskarta roƙo ce. Idanunta sun cika, ta ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Na kalli Ɗan Gwaggo. Yana wasa da makullinsa. Na ce a raina, shi take karewa. A gabana. Ni za a kira maha'inci, shi a rufa masa asiri.

"Ba da ni ba ne, Baba."

Magana zarar bunu.

Murmushin Baba ya ɗauke. "'Yar Baba, da wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki."

Ta durƙusa ta ajiye farantin. Hawaye suna sauka a kan hannayenta.

Ya karɓi wayar daga hannun Gwaggo ya miƙo mini.

"Kai ne mai waya. Kira mini lambar. Ka buɗe murya kowa ya ji."

"Baba, don girman Allah," in ji Tela. "Ka doke ni. Ka karya keken. Kar ka sa a kira."

"Kira."

Na buɗe. Suna ɗaya ne ya cika jerin daga sama har ƙasa: Mai Zare. Na danna. Ina jira in ji aljihun Ɗan Gwaggo ya yi ƙara.

Bai yi ba.

Bugu ɗaya aka ɗauka, kamar mai wayar tana riƙe da ita a tafin hannu. Murya ce ta mace, ta manyanta, tana fita a hankali.

"'Yar Baba? Yau da wuri haka? To madalla. Ki matso da ni kusa da taga, jiya ban ji shi sosai ba. Tarin ya ragu ne, ko bai fito baranda ba? Ki ce masa ya rage ruwan sanyi, kar ki ce ni na ce. Kuma get ɗin nan kar ku sa masa mai, da kukansa nake gane wanda ya shigo." Ta ɗan yi shiru. "'Yar Baba? Kina jina?"

Carbin Baba ya faɗi ƙasa.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Ita ce."

Ban san lokacin da na kashe kiran ba.

Baba ya daɗe yana kallon bango. Da ya yi magana, muryarsa ba ta da faɗa, kuma hakan ya fi faɗan muni.

"Tun yaushe?"

Tela ta ce cikin kuka, "Tun da ciwon suga ya cinye mata ido. Ba ta gani, Baba. Tana zaune a ɗakin ƙaninta daga safe har dare, ba ta da abin yi. Ba hira muke yi ba, wallahi. Cewa ta yi in ajiye ta kawai ta riƙa jin gidan. Sai in rage muryarta, in jona, in rufe da ƙyallaye. Ta ji keke, ta ji get, ta ji ka. Shi ke nan. Shi ke nan abin da take da shi."

"Kin san rantsuwata."

"Uwata ce, Baba."

"Ni ban ce ba uwarki ba ce. Na ce kin san rantsuwata." Ya yi tari mai tsawo har idonsa ya kawo ruwa. "Ki haɗa kayanki. Ki je ki zame mata ido."

Ta rarrafa ta kama ƙafarsa. Ya janye a hankali, kamar mai tsoron kar ya taka ta.

Ɗan Gwaggo ya gyara murya. "Kawu, ni dai ko a haka..."

"Rufe mini baki."

Sai ya juyo gare ni.

"Kai kuma. Na kira ka ne in ce ka turo manyanka. Na riga na gama shawara." Ya nuna 'yarsa da haɓa. "Da na tambaye ka, na ga idonta. Ni da tsufana na gani daga nan. Kai da kake kusa ba ka gani ba?"

"Na gani, Baba."

"Ka gani." Ya gyaɗa kai. "Ka zaɓi ka wanke batirinka. To ya wanku, na yarda na asali ne. Amma namijin da mace ta roƙe shi sutura da ido ya yaye mata zani a gaban mutane, ba na ba shi 'ya. Ko da yake yanzu ba ni da 'yar da zan bayar. Tashi. Kar in ƙara ganin ƙafarka a gidana."

Na tashi. Wayar tana hannuna, ba wanda ya ce in ajiye.

A bakin get Ɗan Gwaggo ya cim mini. Ƙamshinsa ya riga shi isowa. Yanzu ya daina yin fito da baki.

"Kai, wai da gaske ba da kai take yi ba? Ni fa kullum na kira sai a ce layi yana aiki. Na ɗauka kai ne ka toshe."

Na ja get ɗin. Ya yi kuka.

*

Washegari ta zo da jaka ɗaya da kan keken ɗinki naɗe a zani. Kasuwa ba ta gama buɗewa ba, ana ta jan ƙofofi. Idanunta sun kumbura, sun ƙanƙance.

"Layina na zo ɗauka."

Na ciro mata. Ta sa shi a wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda ake yi wa caji sau ɗaya a manta.

"Batirin zai iso yau," na ce. "Ki jira in sa miki."

"Riƙe kayanka."

"Tela."

"Kar ka kira ni."

"Da kin faɗa mini."

Ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye suna zuba.

"In faɗa maka? Na san ka, Malam Shiru. Ba ka iya ƙarya ba. Da na faɗa maka, ranar da Baba ya dube ka cikin ido ya ce ka san wani abu, fuskarka kaɗai ta isa. Na ce bari in ɗauke maka nauyin, ka shiga falon nan da zuciya wankakkiya. Kai nake karewa."

"Na ɗauka Ɗan Gwaggo ne."

"Na sani. Abin da ya fi ƙona ni ke nan." Ta goge fuska da bakin mayafi. "Ka karanta wayata tsaf. Ka san awa nawa, ka san tana jone, ka san an rufe ta. Ƙarfe da roba ka karanta ba kuskure. Ni da nake tsaye a gabanka da ido biyu, ka kasa."

Wani ya hau bene. Ƙura ta zubo tsakaninmu.

"Ko ba ka yi ƙarya ba, ai da ka yi shiru. Sunanka ke nan. Kullum shiru, kullum shiru, in yi ta jan magana a bakinka kamar mai jan guga. Rana ɗaya tak da na nemi shirun, ranar ka zama mai wa'azi."

Na kalli sukurorin da ke gabana.

"Ka san Umma ta san muryarka?"

Na ɗago.

"Duk zuwan da kake yi bakin shago, tana ji. Tana ƙarƙashin ƙyallayen nan da ka so janyewa. Tana jin sallamarka, tana jin kana cewa in zare caji. In ka tafi, in na samu sarari na ɗauko ta, sai ta yi ta dariya. Ta ce, wannan mai gajeriyar maganar ki riƙe shi, irinsu ba sa tozarta mace." Muryarta ta karye. "Jiya ta same ni ta wayar maƙwabtanmu tana tambaya wa ya danna kiran. Na ce Gwaggo ce."

Gara a ce mari ta yi mini.

"Zan je in ba Baba haƙuri."

"Ka je. Ba zai canja ba, ni na san ubana. Ni ba kaina nake wa kuka ba. Zan je, zan yi mata wanka, zan ba ta magani, za ta ji muryata har ta gaji. Amma ba muryata take jira da azahar ba. Shekara da shekaru da saki, har yau tarin mutumin nan take ƙirgawa. Shi ma ka ga ya sa an gyara agogon da ta saya? Ka ga ya bari an taɓa shi? Wannan 'yar igiyar ce kaɗai ta rage a tsakaninsu, shi bai ma san da ita ba. Ita ka tsinke."

Ta sunkuya ta ɗora kan keken a kafaɗa. Na miƙe zan taya ta.

"Bari. Na iya."

"Zan kira ki."

"Ka ce me? In zare a tamanin?"

Ta tafi. Wannan karon ban iya bin ta da ido ba.

*

Batirin ya iso da hantsi. Na ajiye shi a aljihun tebur ban buɗe ba.

Kwanaki suka wuce. Ina gyara, ina karɓa, ina miƙawa. Wata mata ta kawo waya mai zafi kamar dutsen guga, ta ce a ƙarƙashin filo take caji. Na buɗe baki zan karanta mata doka, sai na fasa. Na gyara kawai.

Na je gidan Baba sau ɗaya. Gwaggo ta leƙo ta ramin get ta ce, "Ba a sayen jabu a nan." Ta tagar shagon na hango teburin keke ba kai, da tarin ƙyallaye yadda aka bar shi.

Lambar Mai Zare kuwa ta ƙi fita kaina. Sau ɗaya na gan ta, amma lamba ba ta ɓace mini.

Wata rana da hantsi na ciro batirin. Na ɓanɓare tsohon a hankali, na jefa shi cikin gwangwanin yashi. Na goge gam, na sa sabo, na danne murfi har ya kama. Na sa layina. Na jona, na zauna ina kallo. Da ya kai tamanin na zare.

Na rufe tebur da rana tsaka. Maƙwabcina mai sayar da rigar waya ya ce, "Lafiya, Shiru? Wa ya mutu?"

Na sa wayar a aljihu na wuce.

Katangar gidan Baba ba ta da tsayi ta gefen baranda. Cewa ya yi kar ya ga ƙafata a gidansa. Titi ba gidansa ba ne. Na zauna a ƙasa, na jingina da bangon. Siminti ya sha rana, yana ƙona baya. Daga ciki na ji an ja kujera. Sai tari.

Na danna lambar.

Ta daɗe tana ƙara. Tela ce ta ɗauka.

"Me kake so?"

"Kar ki kashe. Ba sai kin yi magana ba. Ki miƙa wa Umma wayar."

"Kana ina?"

Na miƙe tsaye, na ɗaga wayar sama da kan katanga, a buɗe, ba ƙyalle, ba soket, iska tana dukanta. Baba ya sake yin tari, mai tsawo, irin wanda ke ƙarewa da salati.

Na dawo da wayar kunnena. Na ji numfashin Tela, na ji motsin tabarma, na ji tana cewa a hankali, "Umma, miƙo hannunki." Sai wata murya ta ce, "Bai rage ruwan sanyin ba."

Na sake ɗagawa. Hannuna ya fara sagewa, na canja ɗayan. Masu wucewa suna kallona kamar mahaukaci. Su kalla.

Tarin ya tsaya.

Na ji takun silifas a kan siminti, a hankali, yana matsowa. Aka zare sakata. Get ya yi kukansa.

Baba ya tsaya da carbi a hannu. Ya kalle ni, ya kalli hannuna da ke sama, ya kalli hasken wayar.

"Mai Waya. Me kake yi a jikin katangata?"

Da zan iya cewa ina neman layi ne. Da zan iya yin shiru. Na sauke hannuna, na miƙa masa wayar a tafi biyu, kiran yana tafiya.

"Tana ji, Baba."

Bai karɓa ba. Bai kuma rufe get ɗin ba.